Kilomita Taran da Suka Gagari Ambrose

Ambrose ɗan kawuna ne, wato taubashina, don haka ina da damar faɗar duk abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Tun da aka haife shi bai san zama wuri ɗaya ba. Yana ɗan shekara shida aka tsinto shi a kan hanya, tafiyar rabin yini daga gari, riƙe da gwangwanin dafa shayi. Da aka tambaye shi ina za shi, sai ya ce so yake ya ga inda hanyar ta ƙare. Ya sha duka a ranar, amma dukan bai hana komai ba.

Babansa ƙanen mahaifiyata ne. Ba zan kira sunansa ba, domin mu ba ma kiran sunan wanda ya rasu. Kiwon shanu ya yi a kan doki, a gandun wani Bature, tun yana saurayi har bayansa ya lanƙwashe. A bakinsa muka ji asalin kalmar nan da muke yi wa juna tambaya da ita, mob. Ya ce da can Turawan kiwo garken shanu suke kira haka. Da suka ga tsofaffinmu sun taru a ƙofar sito ranar rabon fulawa da sukari da ganyen shayi, sai suka riƙa kiransu da ita su ma, kuma ba don girmamawa ba. Tsofaffin suka ɗauke ta suka tafi da ita gida, ta zama tamu. Yau in ka sauka a garuruwan yankinmu, Katherine ko Darwin, kafin a tambayi sunanka za a ce maka, "Su wa ne mob ɗinka?" Sai ka ambaci koginku, ka ambaci kakarka, a yi ta lalube har a gano inda kuka haɗu. Ana wasa da kalmar ma, a ce mob ɗin asibiti, mob ɗin ƙwallo, mob ɗin bakin teku masu cin kaguwa. Amma ran da tsohuwa ta riƙe maka wuyan hannu ta yi maka tambayar, ka san ba zancen ƙwallo take yi ba.

Ambrose kuwa cinye kalmar ya yi, har ta zama ba ta da ɗanɗano a bakinsa. Yana da shekara goma sha bakwai ya haye bayan motar shanu ya tafi. Ya kafa shingen waya a wajen Tennant Creek. Ya shiga jirgin ruwan masu neman lu'ulu'u a Broome, ya yi wata huɗu yana amai, ya sauka. Ya tsinki mangwaro, ya yi fiɗa a mayanka, ya taɓa yin aure ma a Kununurra, auren da bai ga damina biyu ba. Duk inda ya je sai ya bugo mini waya.

"Rosina, ina nan tare da mob ɗina, mutanen kirki."

"Wane mob kuma? Na watan jiya fa?"

"Ai waɗancan na rabu da su. Ba su iya dafa shayi ba."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Yaushe za ka zo?"

"In rani ya shigo."

Rani ya yi ta shigowa yana fita. A shekara arba'in da ɗaya sau uku ya taka garinmu, kuma bai taɓa cika kwana uku ba. Daga baya ya koyi tuƙa gireda, motar nan mai baje hanya, sai ya samu aikin da ya dace da shi: kullum yana kan hanya, kuma ana biyansa don kada ya tsaya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da mahaifiyarsa ta rasu. Da damina ne, ruwa ya yanke hanya. Na buga masa waya da kaina. Ya ce hanya ta yanke, na ce masa jirgin sama na sauka duk Talata. Ya ce zai duba. Mun riƙe gawa mako uku muna jiran dangi daga nesa, kowa ya zo ban da ɗan da ta haifa. Na yi fushi da shi har na shekara ba na ɗaukar wayarsa. Mahaifiyata kuwa, Philomena, wadda take gwaggo a gare shi, ba ta ce uffan ba. Tun daga ranar ba ta ƙara tambayata labarinsa ba, kuma shirun nata ya fi zagina zafi.

Bana, da ruwa ya janye, hukuma ta ba da aikin gyara hanyarmu, kilomita casa'in daga bakin kwalta zuwa gari. Direban da ke kawo kayan kanti ya same ni a asibiti, inda nake tuƙa motar marasa lafiya, ya ce, "Mai gireda ya ce a gaida Rosina mai bakin tsiya." Nan take na san ko wane ne.

Kilomita tamanin da ɗaya ya gama su a kwana goma sha biyu. Da yamma mukan hango ƙurarsa daga filin ƙwallo, kullum tana ƙara matsowa. Mata suka fara shirin tarbarsa, aka ajiye masa dinya biyu a firij. Sai ƙurar ta tsaya. Ba wai ta daina tashi ba, a'a, tana tashi tun safe har yamma, amma a wuri ɗaya. Mako ɗaya, mako biyu. Masu zuwa Katherine suka ce hanyar daga bakin kwalta zuwa ƙoramar da ke kusa da gari ta yi sumul, ko ƙwai ka ɗora a kan mota ba zai faɗo ba, amma daga nan zuwa gari ramukan bara suna nan yadda suke. Wani ya rantse ya ga gireda ta bi wuri ɗaya sau uku. Gari ya samu abin dariya. Yara in an aike su suka yi nawa, sai a ce, "Kai Ambrose ne?"

Ni abin bai ba ni dariya ba. Ran Alhamis da tsakar rana na ɗauki mota na nufe shi.

Tun kafin in isa na fara ganin riguna. Riga a rataye jikin reshe a bakin hanya, can gaba wata, can gaba wata. Ba wankakku ba ne, duk sun yi tauri da gumi da baƙin mai. Na ƙirga biyar, har da singileti da wani tsohon tawul. Duk a gefe ɗaya suke, gefen da iska ke bi ta nufi tafki. Na taka birki na zauna ina kallonsu, sai na gane abin da wawan nan yake yi.

Tafkin nan na kakannin mahaifiyata ne da na baban Ambrose. Can matattunmu suke. Baƙo ba ya zuwa wurin haka kawai. Sai babba ya kai shi, ya kira tsofaffin da suka wuce da yarenmu ya gaya musu ga wanda aka kawo, ya guntsi ruwa ya fesa masa a ka, sannan ya shafo gumin hammatarsa ya goga masa a kafaɗa da ƙirji. Ta haka ƙasa za ta ji warin ɗan gida a jikinsa ta ƙyale shi, kada ya yi ciwo, kada kada ya bi shi. Duk nas ko malamin da aka turo mana sai an yi masa. Ɗan gida ba a yi masa, domin ƙasa ta san warinsa tun yana goye. Yanzu mahaifiyata ce kaɗai ta rage da ke da ikon yin haka, kuma ita ke yanke wa za a jiƙa wa kai, wa za a bari.

Na same shi a inuwar gireda yana cin naman gwangwani da wuƙa. Ya tsufa, ya rame, gemu duk furfura. Ƙafarsa dai tana nan tana karkarwa kamar kullum.

"Wa nake gani? Mai bakin tsiya! Kin yi ƙiba."

"Kai kuma ka bushe. Kanti ka buɗe a jikin itatuwa ne?"

"Shanya nake yi."

"Shanyar abin da ba a wanke ba? Ambrose, ni za ka yi wa ƙarya? Tare muka ci ƙasa."

Ya ajiye gwangwanin, ya tashi, ya zaga gireda, ya daki taya da ƙafa, ya dawo, ya zauna, ya sake tashi.

"Na ce ko iska za ta kai warina," in ji shi. "Kaɗan-kaɗan. Kafin in isa su riga sun saba."

"Su wa?"

"Kin san su wa."

"To in sun saba fa, sai su aiko maka da takarda?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Rosina, in na je Gwaggo ta fesa mini ruwa a ka gaban kowa, kamar wani malamin makaranta daga Sydney, shi ke nan fa. Duk inda na je aka tambaye ni mob ɗina, kogin nan nake ambata. Shekara arba'in ina ambatarsa. In ta jiƙa ni, me zan ƙara cewa?"

"Ai kana da su da yawa. Mob ɗin mangwaro, mob ɗin mayanka."

Na faɗa ne don in soke shi, kuma ya soku. Ya kalle ni, na ji kunya, amma ban janye ba. Na gaya masa ran Asabar za a kai sabuwar nas da mijinta tafki. Na ce in ya ga dama ya zo, in bai ga dama ba ya juya giredarsa ya bar mana ramukanmu, mun saba da su. A hanyar komawa na tsaya na fizgo riga ɗaya daga reshe na jefa bayan mota, ni kaina ban san don me ba.

Mama ta haura tamanin, idonta ya kusa tafiya duka. Tana zaune a baranda na ɗora mata rigar a cinya. Ta lalube ta, ta kai hanci, ta daɗe. Sai ta ninke ta ta cusa ƙarƙashin matashinta.

"Mama, za ki jiƙa masa kai?"

"An dafa shayi?"

"Tambayarki nake yi."

"Ni ma tambayarki nake yi."

Iyakar abin da na samu ke nan. Kwana biyun nan ban iya zama ba. Na share gida sau biyu, na yi faɗa da jikokina a kan abin da bai kai ya kawo ba. Rabina na so ta jiƙa shi, ya ɗanɗana abin da uwarsa ta ɗanɗana tana sauraron ƙarar mota duk rani. Ɗaya rabin kuma yana tuna yaron da muke tsinkar bado tare.

Ran Asabar da hantsi muka ɗora Mama da kujerarta a bayan akori-kura. Mota huɗu muka yi, domin labari ya bazu, kowa na so ya gani. Nas ɗin sunanta Meredith, mijinta Gavin zai koyar a makaranta. Sun sa huluna masu faɗi, sun shafa man sauro, suna ta murmushin mutanen da ba su san abin da za a yi musu ba. Aka sauke Mama a bakin ruwa. Na duba hanya, babu kowa. Na ce a raina, ya gudu, dama halinsa ne.

Mama ta ɗaga murya ta kira tsofaffi. Muryarta ta tsallaka ruwa, tsuntsaye suka tashi. Tana cikin kira sai na ji motsi a ciyawa. Ambrose ne, a ƙafa, ya yanko ta daji tun daga inda giredarsa take, wando duk ƙaya. Bai gaida kowa ba. Ya tsaya can baya, ya matso, ya koma, ya cire hula, ya mayar. Aka tsai da baƙin biyu a gaban ruwa. Sai kawai na ga ya taho ya shiga tsakaninsu, ya tsaya a layin baƙi, ya cire hula ya sunkuyar da kai. Ya gaji da jira a yanke masa hukunci, ya yanke wa kansa.

Wata ƙanwar babana ta ce a hankali, "Wayyo, ɗan nan."

Na riƙe Mama muka shiga ruwa zuwa idon sawu. Ta ɗebo da tafin hannu ta guntsa, ta fesa wa Meredith a ka, ta shafo hammata ta goga mata a kafaɗu. Meredith ta ce ta gode, ruwa na ɗiga daga hancinta. Mama ta sake guntsa. Na matsar da ita gaba. Ta miƙa hannu ta taɓa ƙirjin da ke gabanta, ta hau zuwa gemu, zuwa kunne. Ta jawo kansa ƙasa ta sa hanci a wuyansa. Kumatunta cike da ruwa, shi kuma ya runtse ido yana jira.

Sai na ji ta haɗiye ruwan, ƙut.

"Kai wane irin sakarai ne?" in ji ta. "Matsa daga layin mutane, kana tare wa baƙo wuri."

"Gwaggo..."

"Gwaggon me? Ka cika mana daji da tsummokara, namun daji, har wallabi ma, sun ƙaura. Warin ubanka ne sak, har da na taurin kan. Ka zaci ruwan nan mantuwa gare shi irin taka?"

Wasu suka fara dariya, ta ɗaga hannu suka yi shiru.

"Ban ce na yafe maka jana'iza ba. Wannan ba nawa ba ne, tsakaninka da uwarka ne. Tana nan, duk rani a nan take zama tana kiran sunanka, har ruwan ya gaji da jinsa. Hannuna ya gaji. Ga namiji nan a tsaye, kai za ka yi masa. Amma ka fara kira tukuna."

Ambrose ya dubi ruwa, ya dube ni. Na ga ƙafarsa ta juya wajen daji, na san ƙafar nan, na matsa na tare gefen.

"Gwaggo, yaren ya gudu. Ba na iya haɗa komai."

"Abin da ya rage."

"Ba abin da ya rage."

"Ƙarya kake yi. Buɗe baki."

Ya shiga ruwa har gwiwa. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya share fuska da hula. Muna tsaye rana na dukanmu. Can sai murya ta fito, a shaƙe, da yarenmu, irin yaren da yaro ke yi kafin ya iya magana sosai. Kalmomin da suka rage masa ke nan bayan shekara arba'in da ɗaya, waɗanda yake faɗa a ƙofar ɗaki in ya dawo daga yawonsa.

"Inna, na dawo. Ina jin yunwa."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuka na yi, kuma na ji haushin kaina da na yi, domin na yi niyyar in riƙe fushina har gida. Mama ta gyaɗa kai ta ce, "Ta ji. Yi aikinka."

Ya guntsi ruwa ya fesa wa Gavin, fiye da yadda ake bukata. Sannan ya cusa hannu a hammatar da ta yi mako biyu ba ta ga sabulu ba, ya goga wa bawan Allah a kafaɗa da ƙirji, da kyau, har sau biyu. Gavin ya daure, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ya gode. A nan ne dariya ta ɓalle, har Mama sai da aka riƙe ta. Mata suka jefa ƙugiya, kafin azahar an kama kifin baramandi uku, aka gasa a garwashi. Ambrose ya ci ɗaya shi kaɗai, a zaune, kuma ban ga ƙafarsa na karkarwa ba sai da ya kusa gamawa.

Kilomita taran nan a yini ɗaya da rabi ya gama su. Ya kai gireda har ƙofar asibiti, ya baje mana filin ƙwallo ma ba a sa shi ba. Ya je kabarin mahaifiyarsa shi kaɗai, ban bi shi ba, ban kuma tambaye shi ba. Ya bi hanya ya tattaro rigunansa, ban da ɗaya, wadda Mama ta ce ba ta san inda take ba.

Kada ku zaci ya zauna. Ran Laraba da safe na ji inji ya tashi. An ba shi wata hanya a wajen Borroloola. Na fito da kofin shayi a hannu na same shi yana ɗaure shimfiɗarsa a bayan kujera.

"Kwana huɗu," na ce. "Ka karya tarihi."

"Hanyar nan damina za ta sake cinye ta. Dole wani ya dawo ya gyara."

"Mun ji. To wane mob ne kuma za ka je wurinsu yanzu?"

Ya ja igiya ya ƙulle, ya hau, ya zauna. Ya dubi baranda, inda Mama ke zaune tana fuskantar ƙarar injin.

"Ba mob ba ne," in ji shi. "Abokan aiki ne kawai."